Ranar da na kashe masana'antar roba

Muna ɗaukar fim kan ma'aikatan wata masana'antar roba a Sharaɗa, ƙarar inji ta hana mu jin Mama Ladi, dattijuwar da muke hira da ita. Mai riƙe makirfo ya ce a kira injiniya ya kashe injin. Na ce, "Ni darakta guda, makunni ne zai gagare ni?" Na ja wani babba a bango.

Masana'antar ta yi tsit. Mama Ladi ta ce, "To, ɗana, yanzu kana ji na?"

Narkakkiyar roba ta daskare a injina, manaja ya kore mu, fim ya wargaje.

Har yau na rasa sakat. Ko a gidan biki aka ɗauke wuta, sai abokaina su juyo: "Darakta, hira za a yi ne?"