Rasuwar Tallaja, Wadda Muka Shaƙe da Rigar Leshi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye, ni Nuraddeen, a madadin kaina kaɗai domin ban nemi izinin kowa ba, nake sanar da dangi na unguwar Sa'alaba da na Khumra a nan Jidda, da duk wanda ya taɓa shan ruwan sanyi a karafan ɗinmu, motar nan mai gado da murhu da muke fita bakin teku da ita, rasuwar Tallaja, ƙaramar kular lantarki shuɗiya da ke zaune bayan kujerar direba. Ta cika a wata Juma'a ta watan jiya, muna kan hanya. Na jinkirta wannan sanarwa, kuma jinkirin yana cikin abin da zan amsa.

Marigayiyar ba firiji ba ce, kuma ba ta taɓa cewa ita firiji ce ba. Mu muka ɗora mata, har muka raɗa mata Tallaja, wato firiji da Larabci. Ba ta da gas, ba ta da injin nan mai gurnani. Abin da aka hore mata ɗan faranti ne a cikin murfi, wanda in wuta ta ratsa shi, gefe ɗaya ya yi sanyi, ɗayan ya yi zafi, sai wata ƙaramar fanka da ke hura zafin waje ta 'yan tagogi. Iyakar dukiyarta ke nan. Ba ta yin ƙanƙara. Alkawarinta ɗaya ne, cikinta zai fi iskar da ke kewaye da ita sanyi da kamar digiri ashirin. Duk wanda ya san ranar Jidda ya san wannan alkawari sai an taimaka masa: a ba ta abin da ya riga ya yi sanyi, a ajiye ta a inuwa, a bar ta ta yi numfashi.

Kafin zuwanta, ƙanƙara muke ɗaurawa a leda, ba ma wuce sito-siton Khumra sai ta zama ruwa, burodi na iyo a ciki. Da ta zo, fura ta fara isa bakin teku da sanyinta. Ta kasance mai haƙuri. Kawu Usuman yakan buɗe ta ba dalili, ya leƙa, ya ce, "Ina dai duba ko tana nan da rai," ya bar murfin a hangame ya ci gaba da labarin garin Omdurman. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Maganarta ɗaya ce tun daga ƙofar gida har gaɓar ruwa: zuuuu.

Kun san ni. Ni ne mai cika muku waya da saƙo a kan ledar da kuke bari a yashi, da wayoyin wuta da kuke haɗawa da selotef. Ni ne na tashi a gaban manya na ce "ba komai" da ɗan'uwansa na Larabci "malish" sun fi kowace cuta yi mana illa, har aka ce yaron nan karatun lantarki ya hau masa kai. Ni ne kuma na kafa dokokin Tallaja, na maimaita su har kuka haddace don ba'a. Ku riƙe wannan, za ku buƙace shi.

Ciwon ajalinta ya faro ne daga ƙauna. Gwaggo Rahamatu, wadda ta rene mu bayan rasuwar mahaifiyarmu, ba ta taɓa yarda da wani abin zamani da na kawo gida ba. Tallaja kaɗai ta shiga ranta. Ranar da ta kurɓi fura mai sanyi tana kallon teku, ta ce, "Kai, 'yar nan tana da albarka." A gidanmu kuwa, duk abin da ke da daraja sai an sa masa riga. Talabijin na da tata, keken ɗinki na da tasa, injin wanki ma haka. Gwaggo ta shiga kasuwar Bab Makka da ƙafarta, ta zaɓo farin leshi, ta sayo yadi mai kauri na shafi, ta ɗinka da hannu, da idon da yanzu sai an zura mata zare a allura. Da safiyar Juma'ar ta kira ni.

"Nuru, zo ka ga 'yarka. Ai ba a barin mai amfani tsirara, ya waladi, ɗana."

Rigar ta zauna ɗas. Ta rufe murfi, ta rufe gefe, ta rufe tagogin fanka ruf. Na gani, wallahi na gani tun kallon farko. Na buɗe baki na ce, "Masha Allah, Gwaggo, har yanzu hannunki na nan."

Na ce a raina zan cire in mun hau hanya. Sai Gwaggo ta zauna kusa da ita, ta ɗora mata hannu kamar jika. Na ce in mun tsaya shan mai. A gidan mai ba ta sauka ba. Muna barin Khumra muryar marigayiyar ta sauya, zuuuu ya koma kir, kir, kir, irin na wanda aka toshe wa hanci. Na ji. Na ƙara muryar rediyo. Can sai shiru.

Da a nan abin ya tsaya, da ban dame ku da sanarwa ba.

A cikinta ranar akwai kwanon Zakiya, matar Yaya Abdulghaffar, wadda ba ta daɗe da shigowa gidanmu ba. Shi ne girkinta na farko ga dangi gaba ɗaya, salak na kaza da mayonis. A duk cikinku ita kaɗai ta bi dokokina. Ta sanyaya shi a firijin gida tun sassafe, ta miƙo mini shi yana raɓa. Da la'asar ta yi, aka shimfiɗa tabarma, na ɗaga murfi na zura hannu, na ji ɗumi. Zakiya ta matso, ta rage murya.

"Ya Nuru, da sanyi dai ko, sah? In babu mu zubar, halas, shi ke nan. Ma fi mushkila, ba damuwa, akwai burodi."

Na waiwaya, Gwaggo na gyara wa rigar bakin leshi tana nuna wa maƙwabciyar tabarma. Na ce, "Ba komai, matar Yaya. Zuba musu."

Ni ban ci ba. Ku sake karanta wannan layin.

Sauran kun sani, domin a cikinku ya faru. Gida ya kwana biyu yana layi a ƙofar banɗaki, Kawu Usuman sai da aka ƙara masa ruwa a asibiti. Kafin ya warke hukunci ya fito: 'yan matan da aka haifa a Jidda sun iya waya, ba su iya tukunya ba. Wata ta ce a riƙa ɗanɗana wa kyanwa girkin Zakiya tukuna, aka yi dariya, ina zaune. Gwaggo ta dafa kaina ta ce, "Allah ya tsare mini Nuru, shi bai ci ba, yaron nan akwai ilhama." Tun daga ranar Zakiya ba ta sake aiko da kwano ba. In ta zo gaisuwa, lemun kwali take riƙowa daga baƙala, kantin unguwa, ta zauna kusa da ƙofa. Ta san ta tambaye ni. Ta san abin da na amsa. Ba ta gaya wa kowa ba, ko Yaya.

Muna kiran wannan kunya, muna kiransa ladabi. Wane irin ladabi ne zai hana tsohuwa ɓacin ran minti ɗaya, ya ɗauki zubar mutunci na tsawon wata guda ya ɗora wa baƙuwa? Kuma kada ku yi saurin wanke hannu. Dukanku kun sha ruwa mai ɗumi daga cikin Tallaja a ranar, kun yamutsa fuska, kun haɗiye. Ba wanda ya tambaya. Da ciki ya murɗa, ba ku nemi dalili ba, kun nemi wadda ba ta da mai tsaya mata. Amma ku zato kuka yi. Ni sani na yi, don haka kasona ya fi naku.

Marigayiyar ta rasu ta bar igiyarta ta soket ɗin mota, da ranta amma ba mai nemanta, da karafan wanda bayan kujerarsa ya zama kango, da gorunan ruwa masu yawa. Ta bar rigar leshi, wadda ko ƙwarzane ba ta yi ba, Gwaggo ta wanke ta goge ta ajiye wa magajiya. Na buɗe murfin na duba da idona, fanka ta ƙone, faranti ya dafu da zafin kansa. Wannan shi ne sakamakon bincike. Babu hannun Zakiya a ciki.

Ba za a yi mata salla ba, ba mutum ba ce. Ranar Asabar bayan la'asar zan kai ta wurin masu sayen tsohon ƙarfe a Khumra, ba na buƙatar rakiya. Zaman makoki kuwa ba a wurina ba ne, ban cancanci a yi mini ta'aziyya ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, duk wanda ya yi dariyar kyanwa, da wanda ya ji ya yi shiru, ya tafi ƙofar Yaya Abdulghaffar da kwanonsa wayam, ya yi sallama, ya roƙi Zakiya ta zuba masa abin da ta dafa. In ta zuba, ku ci a gabanta. In ta ƙi, ku koma da yunwarku, ba ta zalunce ku ba.

Zan riga ku zuwa, amma sai na biya ta ɗakin Gwaggo. Latifatu, ke da kike karanta mata saƙonnin waya, wannan kam ki tsallake shi. Daga bakina za ta ji, ina tsugune a gabanta.