Injinku Ba Ya Ƙara, An Ce Yunwa Muke Yi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Huta-Amarya,
masu ƙera injin niƙa mai aiki da hasken rana,
a duk garin da ofishinku yake.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka masu basira, ina roƙon ka ba ni aron kunnenka na ɗan lokaci. Sunana Zuhura, haifaffiyar Gummi. Ina aure a Adabka ta ƙasar Bukkuyum, wata bakwai ke nan. Ban taɓa rubuta wa babban mutum takarda ba, amma ina karanta littattafan soyayya sosai, kuma a cikinsu na lura duk wadda abu ya dame ta alƙalami take ɗauka. Sai dai su masoyansu suke rubuta wa. Ni kuwa tsakanina da nawa lafiya lau, da kai nake da magana.

A farkon daminar nan maigidana, Malam Makau, a yafe mini kama sunansa tun da takarda ce, ya dawo daga Anka da injinku ɗaure a bayan babur, an lulluɓe shi da buhu. Da ya buɗe na ga hoton da kuka sa a jikin kwali: mace zaune a kan kujera, hannunta ya sha lalle, tana murmushi, inji yana aiki a gefenta. Wallahi kaina na gani. A littafi miji yakan shigo da turare ko sarƙa, nawa ya shigo da hutu sukutum a cikin kwali. Na yi masa godiya har da ƙwalla.

Ya kafa mini sharaɗi biyu. Na farko, kada in sake ɗaukar taɓarya. Shi mutumin Dareta ne, yana ɗan shekara goma aka yi shekarar gubar dalma, lokacin da ake daka dutsen zinari a tsakar gidaje. Ƙanwarsa tana cikin yaran da suka rasu. Ya san gero ba dutse ba ne, amma har yau in ya ji taɓarya ta faɗa cikin turmi sai ya tashi ya fita. Na biyu, kada in nuna wa kowa injin, domin a zamanin nan mai hankali ba ya tallar abin hannunsa. Na ce to. Ya ɗora farantin sola a bayan ɗaki inda ba a hange, muka ajiye injin kusa da gado.

Ga ƙorafe-ƙorafena, cikin ladabi.

Na ɗaya. A jikin kwali kun rubuta da manyan baƙaƙe cewa injin ba ya ƙara, kuna alfahari da haka. Gaskiya kuka faɗa, Allah ya saka da alheri. Gurnaninsa bai fi na kyanwa mai barci ba, ko zaure ba ya kaiwa. Amma ranka ya daɗe, wa ya gaya muku shiru abin so ne a gidan aure? A nan, da an sallame Asuba gari ya yi haske, taɓarya ce ke ba da labarin kowane gida. Maƙwabciyata Gwaggo Asma, wadda katanga ɗaya ta raba mu, tana zaune a kan tabarmarta za ta gaya maka wace ce ke surfe, wace ce ke kirɓin fura, wace ce ta yi baƙi, wace ce ta kwana da fushi. Ta san hannun kowace mace a unguwar kamar yadda makiyayi ya san kukan shanunsa. In gida ya yi shiru kwana uku, ciwo ne. In ya kai mako, kuma ga damina ta faɗi, lokacin da rumbuna ke fara nuna gindi, to babu hatsi ke nan. Shin a cikin masananku duka babu wanda ya tashi a gidan da ake daka?

Na biyu. Takardar bayanin da kuka saka a kwali ta gaya mini kada in sa hannu a bakin injin, kada in jiƙa shi, kada in bar shi kusa da wuta. Na kiyaye. Babu layi ko ɗaya da ya ce in shirya karɓar tuwo. A rana ta takwas Gwaggo Asma ta shigo da akushi rufe da faifai, ta ajiye a ƙofar ɗakina, ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta ce, "Ɗiyata, haƙuri shi na aure." Ta fita. Na ɗauka irin kyautatawar da ake yi wa amarya ce. Washegari kwano biyu suka zo, kashegarinta huɗu. Ba wadda ta tambaye ni komai, domin a nan ba a tambayar mutum ko yunwa yake ji, rufa masa asiri ake yi a wuce. Ni kuma Inna ta koya mini ba a mayar da kwano wayam, sai na riƙa cika su da furar da na niƙa garinta da injinku, ina mayarwa cike da jin daɗin na iya zaman maƙwabta. Ashe duk kwanon da ya koma sai an yi salati a kansa, ana cewa dubi yarinyar kirki, ɗan abin da ya rage musu take rabarwa don kada a gane halin da mijinta yake ciki.

Na uku, kuma shi ne babba. Mutuncin maigidana. Mutum ne mai noma tuƙuru, bara ya ɗaure gero dami sittin da ɗoriya, ko rabin rumbunsa ba mu ci ba. Amma a majalisa sai aka fara matsa masa wuri a gaban tiren tsire ana cewa ya ci, ya ƙara. Liman ya yi nasiha a kan haƙƙin maƙwabci mai kunyar roƙo, yana yi yana kallon ginshiƙin da maigidana ke jingina. Wata safiya muka tarar da damin dawa a zaure, ba a san wanda ya ajiye ba. Ya dawo gida yana gaya mini bai taɓa ganin mutanen kirki irin na Adabka ba, baƙo ne shi amma ji yadda suke girmama shi. Ranka ya daɗe, ka san abin da ake kiran namijin da aka ce ya kasa ciyar da amaryar da ko shekara ba ta yi a gidansa ba? Ko a littafi ba a samun jarumi irin wannan. A gari kuwa, ko shawarar gyaran rijiya ba a sake nemansa.

Na huɗu. Injinku ma'aikacin gwamnati ne? In hadari ya taso ba ya zuwa aiki.

Na biyar. Kun yi alkawarin lokaci, kun kuma cika. A mako biyu na gama littafi tara, har na sake karanta wanda na fi so. Sai dai ba ku faɗa ba cewa a bakin turmi mata ke haɗuwa. Da, in na fara surfe sai Raihana, amaryar gidan da ke kallon namu, ta shigo da taɓaryarta mu yi lugude, a nan nake jin wa ya haihu, wa aka kai kuɗin aurenta. Da injinku ya zo na san duk abin da ke faruwa a gidajen attajiran cikin littafi, ban san abin da ake faɗa a kaina a bayan katangata ba. Sai da Raihana ta kasa daurewa, ta shigo ta riƙe hannuna ta ce, "Ke Zuhura, ni ba baƙuwa ba ce. Kwana nawa rabonku da ɗora tukunya?" A lokacin tukunya biyu ce a kan murhu.

Na shida. Wannan da laifina a ciki, amma ku kuka jawo. Na rasa yadda zan yi. In nuna injin, na saɓa wa maigida. In gaya masa abin da ake faɗa, na karya masa zuciya. Sai na tuna matan littafi ba sa rasa dabara. Na jira ya tafi gona, na jawo turmina na kayan ɗaki, na zuba dusa a ciki don kada in ɓata gero a banza, na shiga daka da ƙarfi don unguwa ta ji. Kwana uku ina yi, injinku yana niƙa abin da za mu ci a ɗaka, ni ina zufa a tsakar gida. Aiki ɗaya ya zama biyu, hannuwan da suka fara laushi suka koma gidan jiya. Abin da ban lissafa da shi ba shi ne kunnen Gwaggo Asma. An ce ta karkata kai ta saurara, ta tafa hannu ta ce, "Wanga ba sautin gero ba na. Dussa ta ka daka. Sun kai ga cin dussa." Ranar kasuwa labari ya hau babur ya nufi Gummi.

Na bakwai. Ranar Laraba da hantsi Inna ta sauka daga kabu-kabu, zanenta duk taɓo saboda hanya, da rabin buhun gero ɗaure a baya. Ba ta zauna ba, ba ta sha ruwa ba. Ta ce in haɗa kayana, ita ba ta haifi ɗiya don ta ci abincin awaki ba. Aka aika gona aka kira maigida. Ya zo ya cire takalmi tun daga zaure, ya tsuguna can nesa kansa a ƙasa, Gwaggo Asma da mata biyar suna tsaye wai sun zo gaida baƙuwa. A nan ya fara jin abin da gari ya yi wata guda yana faɗa. Ya tashi ya jingina tsani, ya hau ya ɗage murfin rumbu, ya shiga jeho damin gero ɗaya bayan ɗaya har tsakar gida ta rasa wurin taka ƙafa. Mutumin da ba ya son a san yana da buhu ɗaya, ga shi yana baje dukiyarsa gaban surukarsa kamar ɗan kasuwa. Da ya sauko ya ce da ni a hankali, "Fiddo shi su gani."

Na fito da injin, na zuba gero mudu ɗaya, na danna. Kafin Gwaggo Asma ta gama gyara ɗankwali gari ya fito. Ta sa yatsa ta murza, ta ce ai shi ya sa furar ba ta da danƙo, tun ranar farko ta ji, kunya ta hana ta faɗi. Ita ce kuwa ta shanye kwano goma sha ɗaya. Inna ta ɗanɗana ta yamutsa fuska ta ce garin ƙarfe ba ya kama na turmi, abin da hannu bai wahala a kai ba ba ya albarka. Maigida ya ba ta dalilinsa, yana kallon ƙasa, ya ambaci sunan ƙanwarsa. Inna ta dube shi ta ce, "Allah shi jiƙan ta, ɗana. Amma ka bar ɗiyata ta yi daka. Gidan da ba a jin turmi, mutane ba su san ta inda za su so shi ba."

Ta kwana biyu. Da za ta tafi ta bar mana rabin buhun geronta, ta bar ni a ɗakina, ta naɗe injinku da farantinsa a cikin zane ta ɗora a cinya. Ta ce za ta kai shi Gummi ta duba ko yana da wata illa, kada ya cuce mu. Shekara talatin da biyu tana daka, kafaɗarta ta dama ba ta ɗaguwa sosai. Wata guda ke nan ana binciken, kuma na ji an ce kullum sau biyu take duba shi.

Yanzu maigidana ya koma wurin zamansa a majalisa, ana yi masa tsiya ana kiran sa mai rumbu, har an sa shi cikin masu kula da gyaran rijiya. Ni kuma da safe ina daka. Kwanakin farko yana fita kafin in fara. Shekaranjiya ya tsaya a zaure yana gyaran fartanya, bai tafi ba har na gama surfe. Littafi ɗaya yanzu yakan kai ni kwana goma, kuma tafin hannuna ya yi kanta irin wadda ba a taɓa ambata a jikin jaruma ba.

Saboda haka ba na cewa injinku bai fi taɓarya ba. Ya fi ta sauri, ya fi ta tausayin kafaɗa, kuma ina kewarsa duk ranar da gero ya yi taurin kai. Roƙona ɗaya ne. In za ku ƙera wani, don girman Allah ku sa masa murya, wadda za ta tsallaka katanga ta kai gida na uku, mai nauyi irin ta gero, ba ta dusa ba. In masananku ba su san bambancin ba, ku turo su Adabka. Gwaggo Asma ta ce za ta koya musu, su zo da tabarmarsu.

Allah ya ƙara wa kamfani albarka, ya ja zamaninka, ya sa a riƙa jin motsin gidanka.

Taka mai biyayya da ladabi,
Zuhura matar Malam Makau,
Adabka, ƙasar Bukkuyum.