Ranar da Na Kwantar da Inna

Da mai unguwa ya aiko cewa 'yan jami'a masu binciken lafiyar tsofaffi za su zo ganin surukata Inna, abinci ya gagare ni. Ni baƙuwa ce a unguwar Goudel, mijina direba kullum yana hanya, Zabarmancina bai wuce gaisuwa ba. Na tabbata zuwa za su yi su ga ko ina wahalar da uwar miji.

Sai na yi dabara irin ta masu hankali. Na ɓoye bokitin da Inna take ban ruwan garka da shi, na kwantar da ita, na lulluɓe ta har wuya. Na goya ɗana, na zauna gefenta da kunu da cokali, ina jiran yabo.

Suka shigo da kyamara, maƙwabta na biye. Malamarsu ta tsaya turus.

"Subhanallahi! Yaushe ta kwanta? An ce mana kullum tana garka. Ita muka zo ɗauka, ɗalibai su ga yadda ake tsufa da ƙarfi."

Inna ta yaye bargo. "Lafiyata lau, 'yata. Yarinyar nan ce ta tsare ni tun safe. Ke, ina bokitina?"

Yana ƙarƙashin gadon. A gaban kowa na jawo shi.

Har yau ba mai shigowa hira wurina. Amma in na leƙo ƙofa, matan layi sukan ɗaga murya, su kira ni likita da harshensu: "Lokotoro, wa za a kwantar yau?" Inna ce ke fara dariya.