Baffa Mato a Bakin Teku

"Ni wallahi ba raino zan je yi ba, teku zan je gani!" in ji Safara'u.

"To ki zauna a gida," in ji Baba. "Ko ku tafi da Baffanki, ko babu tafiya. Kuma ko ƙwarzane ya samu, ke zan tambaya."

Safara'u ta dubi Baffa Mato, yana tsugune a bakin turke da bokiti a hannu. Tun hantsi Inna ta ce masa ya ba akuya ruwa har ta ƙoshi, akuyar kuwa ta sha ta juya baya, shi yana jira ta ce ta ƙoshi. Ƙanin Baba ne, gemunsa har ya fara furfura, amma duk abin da aka ce masa haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari. Yayar Safara'u, Lantana, mai aure a Badagiri, can bakin teku, ita ta aiko su zo hutu. Safara'u kuwa ta riga ta cika wa 'yan ajinsu baki cewa sai ta tsoma ƙafa a teku. Dole ta haɗiye fushinta, suka hau mota.

Wata rana Yaya Lantana ta ce a fara da tsohon gidan tarihi, daga nan a wuce bakin ruwa. Mutane sun yi yawa, sai Safara'u ta nuna mai yi musu bayani, wani dogo mai jar hula, ta ce, "Baffa, ka bi mutumin nan duk inda ya je." Aka gama zagaye, aka fito, babu Baffa. Suka bi kasuwa, suka bi tasha, muryar Baba kawai Safara'u take ji a kunnenta. Sai bayan la'asar ga mai jar hula ya riƙo shi, yana haki. "Ku karɓi kayanku! Na shiga banɗaki, yana bakin ƙofa. Na je gida, matata ta ga baƙo a bayana har tsakar ɗaki!" Ranar ko ƙamshin teku ba su ji ba.

Wata rana kuma Sale direba, mijin Yaya, ya kai su wata rumfa inda ake gasa kifi, ana jiyo rugugin ruwa daga bayanta. Yaya ta raɗa wa Baffa, "Don Allah kar ka ba mu kunya, ka cinye duk abin da aka ajiye maka." Ya cinye kifin da ƙayarsa. Ya tauna ƙaguwa da ɓawonta, ƙaras-ƙaras. Ya ɗaga kwanon wanke hannu ya shanye, har yankan lemun tsamin da ke ciki. Sai ido ya fito, ƙaya ta tsaya a wuya. A asibiti suka ƙarasa yinin, Safara'u tana ta addu'a a kan benci.

Wata rana Yaya ta ce yau hutu, babu inda za a je sai wuyansa ya warke. Ta shimfiɗa masa tabarma a gindin kwakwar tsakar gida ta ce, "Kwanta nan, kar ka fita daga inuwar nan." Rana ta karkata, inuwa ta matsa, Baffa ya ja tabarma ya bi ta. Inuwa ta hau katanga, ya hau. Ta faɗa gidan maƙwabta, ya dira. Ihun "Ɓarawo!" ne ya tashi Safara'u, ta fita ko takalmi babu, ta tarar an zagaye shi da taɓare, shi kuwa yana lallaɓa tabarmarsa a cikin inuwa.

"Yaya, ki daina ba shi umarni!" ta ce, tana kuka. "Jibi fa za mu koma!"

Wata rana, ana gobe tafiya, suka isa bakin teku. Safara'u ta tsaya baki buɗe, ruwa har inda ido ya ƙare. Ta cire takalmi. Sale ya ce bari ya sayo kwakwa, ya juya ya ce, "Baffa, kar ka bar kowa ya shiga ruwan nan sai na dawo." Su yake nufi, amma Baffa ya ji kowa. Ya ɗauki reshen kwakwa, ya fara da Safara'u, ya tare ta. Sannan ya bi gaɓa da gudu yana korar 'ya'yan mutane kamar awaki, ya ciccibo wani yaro a hammata, ya fizgo wata mata da zanenta. Iyaye suka yo kansa da zagi, Safara'u ta rufe fuska don kunya. Ana cikin haka wata igiyar ruwa ta taso, ta fi katangar Yaya tsawo, ta rufto daidai inda yaran suke wasa, ta kwashe takalma da tabarmi da kujerar wani mai hoto, ta koma da su. Matar da ya fizga ta durƙusa tana yi masa godiya. Masu gadi suka ce kowa ya tashi, yau babu shiga.

Da safe ana ɗaure kaya, Sale yana ta ba Baba labari a waya, Baffa ya zama gwarzo. Safara'u ta leƙa ta taga, can ga tekun ya kwanta lumui.

"Yanzu zan dawo, ƙafa kawai zan tsoma."

"Babu inda za ki," in ji Yaya. "Ba ki ga jiya ba?"

Safara'u ta yafa mayafi, ta kamo hannun Baffa ta fito da shi waje.

"Baffa, riƙe ƙofar nan. Kar ka bar kowa ya fito sai na dawo."

"Kowa?"

"Kowa."

Ta ja ƙofar ta buga garam, ta yi hanyar teku.