Yadda Ɗan Gata Zai Nuna wa Budurwa Shi Ma Ya Sha Wuya

Zuciyarka ta kamu da son malamar makarantar nan, ita kuwa ta rantse ba ta auren wanda bai san wahala ba? Share hawayenka, ɗan'uwa. Littattafan soyayyar da na karanta sun fi ɗari, kowanne sai da na jiƙa shi da hawaye. Bi matakan nan, cikin mako uku za ta amince. Tabbas!

1. Ajiye mota nesa
Direba ya sauke ka a bakin titi, ka ƙarasa da ƙafa. Kar ka goge gumin, shi ne takardar shaidarka.

2. Nemo wahala ɗaya ka riƙe
Tona tarihinka da kyau. Amma a kula, makon da mai wankinku ya yi tafiya ba ya cikin lissafi.

3. Daina cewa "kamar kowa"
"Baba ya kira abokinsa aka ɗauke ni aiki, kamar kowa." Wannan kowan a gidanku kaɗai yake zaune. Ita shekara huɗu takardunta suka yi suna yawon ofisoshi cikin leda.

4. In wuta ta ɗauke, motsa!
A nan aminina Auta ya kife. Ya je gaida iyayen tasa budurwar da rana tsaka, sai fanka ta tsaya. Uwar ta jawo mafici, yayan ya buɗe taga. Auta kuwa ya ɗaga kai yana yi wa fanka murmushi.

"Me kake jira?" in ji budurwar.

"Yanzu injin zai tashi da kansa ai."

Yayan ya juyo. "Wane injin, ranka ya daɗe?"

"Injin wutan da ke bayan gidan mana. Ba kowane gida ke da shi ba?"

Uwar ta miƙa masa mafici. "Ungo, ɗan nan, ga namu injin. Da hannu ake tayar da shi."

Da budurwar ta rako shi ƙofa ta ce, "Da gata ne kawai, da na haƙura, ba kai ka zaɓa ba. Amma mutumin da bai ma san yana da shi ba, ta ina zan fara?" Ta maida ƙofa a hankali. Wayyo soyayya!

Gargaɗi
In ka bi duk wannan aka kore ka, ba hannuna ba ƙafata. Kai kukanka wurin Auta. Ɗakinsa akwai sanyi, kwa yi shi tare cikin kwanciyar hankali.