Yadda Za Ka Mai Da Kakanka Jarumin Fim

Kai da kake zaune a Leipzig ko wani gari namu na Jamus, kana da kaka lauya wanda ya ga hawan 'yan Nazi mulki da idonsa, albishirinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari fim ɗinka zai fito, mutane su sha kuka a silima, su fito suna miƙa maka hannu kamar kai ne ka tsaya gaban alƙali. Hanyar ba ta taɓa ba kowa kunya ba sai abokina Eckehard Wehrkamp, shi ma don ya kauce a ƙarshe. Ni na taya shi rubuta nasa, saboda haka da labarinsa zan koya maka.

Mataki na ɗaya: Nemo maganar gidanku

Kowane gida a ƙasar nan yana da ita. Ran Lahadi da la'asar ake faɗinta, ana shan kofi da kek: "Kakanku bai taɓa yarda da mutanen nan ba." In ka tara abin da muke faɗa a teburin kofi, sai ka rasa su wane ne suka cika filayen taron da muke gani a tsofaffin hotuna. Wataƙila hayarsu aka yi daga waje.

A gidan su Eckehard maganar ta ɗan fi wannan kauri. Wani mai buga jarida ne 'yan daban Nazi masu riga ruwan ƙasa suka lakaɗa wa duka, suka ƙone masa shago, ya kai su ƙara, kuma kakan Eckehard, lauya Albrecht Wehrkamp, yana kotu ranar shari'ar. Daga nan ba a ƙara komai. Kai ma kada ka nemi ƙari, wannan ya ishi fim.

Mataki na biyu: Yi nesa da masu rai

Matattu suna da daɗin aiki, ba sa gyara maka zance. Masu rai ne matsala. Eckehard yana da Gwaggo Irmtraud, yayar mahaifinsa, wadda ta haura casa'in tana gidan kula da tsofaffi, kunne ya yi nauyi amma hankali garau. Ita ta rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, kuma ba abin da yake so a duniya kamar ta kalli fim ɗin ta ce, haka Baba yake.

Ya kai mata kek ɗin tuffa, ya ɗaga murya: "Gwaggo, fim zan yi a kan Kaka!"

"A kan Baba? Me ya yi?"

"Shari'ar mai jaridar nan mana."

Ta daɗe tana kallon farantin, sannan ta ce, "Ecki, wannan kek ɗin na kanti ne, kada ka ce mini kai ka gasa."

Ya fito yana murna, wai ba ta ce a'a ba. Ni ma na tabbatar masa cewa shirun tsohuwa izini ne, musamman in mutum yana sauri.

Mataki na uku: Tara kayan haɗi

Ruwan sama tukuna. A irin wannan fim rana ba ta fitowa a Jamus tun daga hawan mutanen nan har faɗuwarsu. Sai ƙarar takalman soja tana wucewa ta bayan taga daidai lokacin da iyali suke cin miya, a ajiye cokula a hankali. Sai matar lauya ta riƙe masa hannun kwat ta ce, "Ka tuna da yara." Sai goge mai sa kuka.

'Yan Nazinka kuwa su riƙa ihu, ko gishiri za su roƙa. Kada ka kuskura ka nuna ɗan Nazi mai ladabi, mai gaida maƙwabta, mai share ƙofar gidansa ran Asabar. Mai kallo zai ga kamar ya san shi, ya kasa cin gugguru.

Mataki na huɗu: Jawabin kotu

Nemo dogon saurayi kyakkyawa ya zama kakanka. Ka sa ya cire tabarau kafin ya fara magana, domin a fim gaskiya ba ta fitowa da tabarau a fuska. Jawabin kuwa da kanmu muka rubuta shi, ni da Eckehard, a kan giya da soyayyen dankali. Da muka kai wurin da lauya yake ce wa alƙali doka ba baiwar masu sanda ba ce, sai muka rungume juna muna hawaye. Mun yi imani da mu ne a wurin, abin da za mu faɗa ke nan. Ni da nake tsoron gaya wa maigidan haya famfo ya lalace.

Mataki na biyar: Cika bencin kotu

Nan za ka wahala. Duk wanda ya zo neman aikin cike gurbi abokin mai jarida yake so ya zama, ba mai son zama cikin taron da ya yi tafi. Ranar da muka ɗauki shari'ar bencin baya ya yi fili, sai Heidrun mai kula da tufafi ta damƙo Eckehard.

"Darakta, zo nan. Tsayuwa kawai kake kana nuna yatsa, sa wannan kwat ɗin ka zauna can."

"Ni? Me zan yi?"

"Abin da ka iya. In alƙali ya kori ƙarar, kowa ya miƙe ya ɗaga hannu irin gaisuwar 'yan Nazi, kai ma ka miƙe."

Ta aske masa ƙeya, ta shafe gashin da mai. Aka ɗauka. Kunya ta hana shi kallon kyamara, ya miƙe a makare, hannu rabi a sama, ido a kan takalminsa.

Mataki na shida: Kada Gwaggo ta gani kafin jama'a

Na faɗa masa, na sake faɗa masa. Bai ji ba. Ya turo ta a keken guragu har ƙaramin ɗakin da muke tace fim, ya rufa mata bargo a gwiwa, ya zauna gefenta yana satar kallon fuskarta. Ruwan sama bai motsa ta ba. A tsakiyar jawabinmu har ta ɗan yi gyangyaɗi. Sai da taro ya miƙe ta ɗaga yatsa.

"Tsaya. Mai da shi baya. A ina kuka samo Baba?"

"Ga shi can gaba, Gwaggo, mai tabarau a hannu."

"Wannan ɗan kwalisan? Wanda ya tsaya a nan Dokta Fabisch ne, lauya abokin ofishin Baba. Gajere ne mai sanƙo, in ransa ya ɓaci har in'ina yake. Ga Baba can a bencin baya. Dubi yadda yake kallon takalminsa."

"Gwaggo, na bayan nan ai ni ne."

"Na sani, Ecki, ban makance ba. Kamarku ɗaya. Ina zaune kusa da shi ranar, da suka miƙe shi ya ja hannuna in tashi." Ta gyara bargonta. "Da aka hana Fabisch aiki don shi Bayahude ne, Baba da kansa ya cire allon sunansa daga ƙofar ofis. Ni na riƙe masa ƙusoshin."

"Shi Fabisch ɗin ina ya tafi?"

"Ba mu tambaya ba."

Tausayin Eckehard ya kama ni. Ya ce, "Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni? Kek kuke kawo mini."

Mataki na bakwai: Ka daure, kada ka taɓa komai

A nan ake gane gwani. Tsohuwa ce, wa zai saurare ta? Ka sumbace ta a goshi, ka mai da ita ɗakinta, ka buga takardun gayyata.

Eckehard ya kasa. Ya kira 'yan wasa aka sake ɗaukar murya, duk inda aka ce Wehrkamp aka mai da shi Fabisch. Ya cire hoton kakansa da muka sa a ƙarshe da goge a ƙarƙashinsa. 'Ya'yan baffanninsa suka daina amsa wayarsa, ɗaya ta ce ya tona wa gida asiri don neman suna. Ranar buɗe fim Gwaggo tana layin gaba, aka kashe goge, sunaye suna hawa kan baƙin allo, can ƙasa bayan masu riƙe fitila aka rubuta: "Albrecht Wehrkamp, mutumin bencin baya: Eckehard Wehrkamp."

Ba wanda ya miƙa masa hannu. Mutane suka fita sumumu suna laluben kwat. Gwaggo ce kawai ta kama hannun rigarsa ta ce, "Haka Baba yake." Abin da ya nema ke nan tun farko, ya kuwa samu, ya durƙusa gefen kekenta yana kuka kamar yaro.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya same ka, ko dangi su yanke ka, ko kofin Lahadi ya yi maka ɗaci, ko ka fara yi wa tsofaffi tambaya. In ka ga kama tsakaninka da wani a bencin baya, kai da mai askinka. Ni dai kakana bai taɓa yarda da mutanen nan ba, kowa a gidanmu ya sani. Gwaggo ɗaya ta rage mini, kuma kullum da kek nake zuwa.