Tarihin da Darakta Ya Rubuta

Duk wanda bai ga Daraktan Hukumar Kare Ƙasa daga Zaizaya ba, to bai ga mai kishin ƙasa ba. Saboda tsananin girmama ƙasa, bawan Allahn nan ba ya yarda ya taka ta. Daga mota sai kafet, daga kafet sai kujera mai juyawa. Shi yana kiran kansa Garkuwar Ƙasa. Ma'aikata kuwa, idan ya ba da baya, Ni-Na-Yi suke ce masa.

Da hukumar ta cika shekara arba'in, sai ya ga ya kamata a rubuta tarihinta. Ya duba gabas, ya duba yamma, bai ga wanda ya cancanta ba sai shi, duk da shekararsa uku kacal a kujerar. Mai kula da fayil ta kwaso masa tsofaffin takardu har kwali huɗu. Ya ɗaga na sama, ƙura ta sa shi atishawa, ya ce a mayar.

"Tarihi a kai yake, ba a kwali ba," in ji shi.

Littafin ya fito da shafi ɗari biyu. Shekara talatin da bakwai na farko sun samu shafi ɗaya da rabi. Sauran duk hotuna ne: ga Darakta yana nuna wani tudu da biro, ga Darakta riƙe da shebur sabo fil, ledarsa ma ba a cire ba.

Ranar ƙaddamarwa an kafa rumfa a harabar ofis, Minista ya zo da kansa. Darakta ya yi awa guda yana jawabi.

"Kafin zuwana," ya ce, "ruwan sama yana yin abin da ya ga dama a ƙasar nan. Ni na taka masa burki!"

Aka yi tafi. Minista, wanda tun ɗazu yake ta juya shafukan littafin, ya ɗago kai.

"An rubuta a nan cewa aikin farko na hukumar shi ne tare wani babban kwazazzabo. Ina son in gan shi. A ina yake?"

Darakta ya gyara zaman tabarau. "Ranka ya daɗe, wurin da nisa, kuma hanyar ba ta da kyau."

Can a layin baya wani tsoho ya miƙe da ƙyar. Shi ne mai rainon itatuwa na farko a hukumar, ya daɗe da yin ritaya. Ba a ma gayyace shi ba, 'yarsa ce mai kula da fayil ta zo da shi.

"Ranka ya daɗe, ai a kansa kake zaune," ya ce. "Nan duk rami ne, ya kusa cinye makarantar can. Mu goma sha biyu muka jera duwatsu, muka dasa ciyawa da bishiyoyin da ke bayanka. Damina uku muka yi muna fama. Saiwoyinsu ne suke riƙe da ginin nan har yau."

Minista ya tashi, ya riƙe hannun tsohon, suka nufi bishiyoyin, jama'a na biye. Sai Minista ya ja ya tsaya. Kowace bishiya an shafa mata jan fenti a gindi.

"Wannan fentin fa?"

"Alamar girmamawa ce, ranka ya daɗe," in ji Darakta da sauri. "Ni na sa a ware su a matsayin kayan tarihi."

Bai rufe baki ba sai ga wani ƙato ya ratso taron, injin yankan katako a kafaɗa, yana share gumi.

"Yallaɓai Darakta, a yi haƙuri na makara. Bishiyoyin nan da ka ce a sare don wurin ajiye motoci, daga wacce zan fara?"